Surin da na gina da hannuna

Akwai wani suri a gefen gonarmu, kan hanyar Zango in ka fita daga Daura, wanda ya fi ni tsayi. Damina ta zaizaye gefensa, gara ta sake ɗora sabon gini, ya zama tudu bisa tudu, ga ramuka ga ƙahonni. Shekara da shekaru ina wuce shi, sai bara na ji ina son wannan siffa a hannuna, musamman yadda yake hawa yana karkacewa. Hankalina kuma a kwance, tunda ba surar mai rai zan yi ba.

Wurin wata gwaggona maginiyar tukwane na samo yumɓu. Ta ce in jiƙa shi, in tsince tsakuwa, in daka tsingaro in zuba, sannan in tattake da ƙafa. Gaggawa ta sa na rage tsingaron, na gina abina cunkus kamar curin fura, na baza shi a iskar hunturu kwana huɗu. Ranar gashi, wuta ba ta gama cin karan ba muka ji fam! Ya tarwatse, ya tafi da tulunanta biyu. Har yau asarar nan tana damuna.

"Ɗan nan," in ji ta, "ruwan da ka kulle a ciki, ta ina zai fita?"

Bayan ne kawai ya bushe, cikin na nan da danshi, zafi ya mai da shi tururi. Ashe mutanen Nok na kudancin Kaduna ma, masu gasa yumɓu fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a rarake suke barin cikin aikinsu.

Na biyun na bi shi a sannu. Ina mulmula yumɓun kamar igiya, in ɗora zagaye kan zagaye, irin ginin hannu da aka san Ladi Kwali ta jikin naira 20 da shi. Kaurin bangon bai wuce ɗan yatsa ba. Kowace mahaɗa sai na karce ta, na shafa ruwan laka, na danne da babban yatsa. In ƙasan bai yi ƙwari ba, ba na ƙara komai, sai in rufe bakin da jiƙaƙƙen tsumma in dawo gobe. A nan na ga gara ta fi ni sanin gini, don ita ma kaɗan-kaɗan take ɗorawa.

Sati uku ya yi a inuwar ɗaki. Gefe ɗaya na goge da sulɓaɓɓen dutse har ya yi sheƙi, ɗayan na birgima masa totuwar masara ya yi kaushi. Da muka janye shi daga wuta da zafinsa, Gwaggo ta yayyafa masa ruwan makuba, ya yi cuu, ya koma ja mai duhu.

Ta juya shi tana neman baki, ta ce, "To, me za a zuba a ciki?" Na ce, "Ba komai, Gwaggo, na kallo ne." Ta ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya yi ƙara tas, ta ce, "Ya dai gasu." Yana zaurenmu yanzu, yara na zura yatsu a ramukansa.