Jinyar namun daji a Kebbi: takardar izini da aikin da ke bayanta

Mai son buɗe wurin jinyar namun daji ya fara da takarda kafin ya kafa keji. Namun daji a jiha suna ƙarƙashin sashen gandun daji na Ma'aikatar Muhalli, can ake neman izinin ajiye su a Birnin Kebbi. Akwai kuma dokar tarayya ta 1985 kan dabbobin da ke dab da ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016, hukumar NESREA, mai sa ido kan bin dokokin muhalli, na cikin masu tabbatar da ita. Ka je da rajistar kamfaninka, da zanen wurin, da sunan likitan dabbobi mai rajista da zai riƙa duba maka. Jinya riƙo ce zuwa ranar saki. Wanda ya sayar da gauraka ko ungulu da sunan jinya ya zama dillali, doka kuwa ba ta raga masa. Shi ya sa a wurin jinyarmu muke rubuta kowace dabba a littafi: inda aka tsince ta, nauyinta, maganin da ta sha, da yadda ta ƙare.

Abin da ya fi kashe dabbobin da ake kawo mana tausayi ne. Manomi ya tsinci ɗan barewa a gonar gero, ya ɗura masa madarar gari, kafin ya iso zawo ya gama da shi, alhali sau da yawa uwar tana nan kusa, ɓoye shi ta yi. Tsarin shi ne ɗumi, sannan ruwa, abinci daga baya. Tsuntsu a sa shi a kwali mai huji, a shimfiɗa tsumma, a wuri mai duhu da ɗumi kamar digiri 30. Kejin waya yana karya gashin fiffike, tsuntsun da gashinsa ya karye kuwa sai ya jira sabo ya tsiro, watanni kenan. Ruwan gishiri da sukari kamar mililita 50 ga kowane kilo na nauyin tsuntsun a wuni, a rarraba shi, a kuma kauce wa ƙofar numfashi da ke gindin harshe. Ɗan barewa da ɗan gada nonon akuya ya fi karɓarsu, kaɗan-kaɗan. Babbar barewa kada a bi ta da gudu: tsokarta kan lalace, fitsari ya yi duhu, ta mutu bayan kwana biyu ba rauni a jikinta. A rufe mata ido, a rage hayaniya.

Shaho da mujiya ƙafa ake fara kamawa, don farcen ya fi bakin ɓarna. Tsokar nama zalla tana lanƙwasa ƙashin 'ya'yansu, sai an ba su ɓera ko ɗan tsako da ƙashi da gashi. Magani ma ba na kowa da kowa ba ne. Ivermectin, maganin tsutsa da makiyaya ke yi wa shanu, yana kashe kunkuru. Diclofenac, maganin rage ciwo, shi ya kusan ƙarar da ungulayen Indiya, meloxicam ake ba ungulu a madadinsa.

Sabon zuwa a ware shi kwana 30, da safar hannu da takalmin roba na ɗakinsa kaɗai. Murar tsuntsaye ta shigo Najeriya tun 2006, saboda haka mai gonar kaji kada ya haɗa sana'o'in biyu a fili ɗaya, duk da cewa wannan aiki ba ya ciyar da kansa, dole wata sana'a ko tallafi ta ɗauki kuɗin nama da magani. Dorinar Yauri kuwa ba ta ƙaramin wuri ba ce, jami'an gandun daji ake kira.

Saki yana da lokacinsa. Shamuwa tana barin ƙasarmu idan damina ta ƙare, wadda aka riƙe har 'yan uwanta suka tafi an cuce ta. Ɗan jan biri da ya saba da hannun mutum zai koma gari neman abinci, yara su jefe shi. Don haka ba ma barin 'yan kallo, mutum ɗaya ke ba da abinci, shi ma ta bayan zana.