Katin da sunansa na Musa, lambarsa ta Garba

Katin shaida 2,100 na wata ƙungiyar 'yan kasuwa da ke Agege na buga a shagonmu na Shomolu, a Legas, kuma 1,400 daga ciki shara suka tafi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci, domin na duba kafin in saki aikin. Katin da na zara ne bai dace a duba ba.

Gaban katin suna ne da hoto, bayansa lambar QR ta mai shi, wadda in an duba da waya take nuna sunansa. Na jera su a takardar SRA3, mai faɗin milimita 320 da tsawon 450, uku a kwance, bakwai a tsaye, wato 21 a kowace takarda. Na haɗa bayanan a InDesign, manhajar tsara shafuka, fayil ɗaya na gaba, ɗaya na baya, duka da jeri iri ɗaya: 1, 2, 3. To, injin bugawa in ya juya takarda ta dogon gefe don ya buga bayanta, na hagu ke komawa dama. Bayan katin lamba 1 sai ya hau kan lamba 3, na 3 ya hau kan 1. Na tsakiya kuwa ba ya motsi. Ni kuma da na ɗauki takardar gwaji, na tsakiyar na sa wa waya, sunan ya fito daidai, na ce a ci gaba. Aka buga takarda 100, aka sa leda, aka yanka.

Sai da sakataren ƙungiyar ya kira: "Malam, katin Musa in an duba bayansa Garba yake nunawa." Na ce, "Alhaji, a dakatar da rabo, laifina ne." Takarda 67 na sake bugawa da kuɗina, ga leda, ga man janareto.

Gyaran ba wuya. Ko dai a juya jerin bayan a kowane layi ya zama 3, 2, 1, sai 6, 5, 4, ko kuma, wanda na fi yarda da shi yanzu, a fitar da kowane mutum da shafi biyu a PDF guda, gaba sannan baya, a bar manhajar jera shafuka ta yi juyin. In layin ƙarshe bai cika uku ba, a cike shi da gurbin da ba kowa, in ba haka ba bayan zai zame gefe. In kuma ta gajeren gefe injin ke juyawa, sama da ƙasa ne za su musanya, layi na huɗu, na tsakiya da ba ya motsi, shi zai ruɗe ka.

Akwai wasu ƙananan matsaloli da na riga na saba da su. Excel na cinye sifilin farkon lambar waya sai an mai da gurbin na rubutu tun kafin a zuba lambobin. Haruffanmu masu ƙugiya, ƙ da ɗ da ɓ, da na Yarbawa masu ɗigo a ƙasa, suna lalacewa in ba a ajiye fayil ɗin a tsarin Unicode, wanda ke gane irin waɗannan haruffa, ba, ko in samfurin rubutun bai da su. Danshin Legas kuma na lanƙwasa kati mai gram 300 ya maƙale, shi ya sa ba na buɗe ƙunshi sai za a buga, kuma duk maƙalewa sai na ƙirga jeri.

Amma waɗannan ido na kama su. Musanyar gaba da baya ba ta nuna kanta, katin fes yake fitowa. Yanzu ina sa ƙaramar lambar jeri a wajen layin yanka, gaba da baya. Takardar farko a kan farar takarda mai gram 80 nake bugawa, in ɗaga ta ga haske in ga lambobin sun hau kan juna. Sannan in sa waya a kan kati huɗu na kusurwoyi, a takardar farko, da ta hamsin, da ta ƙarshe. Na tsakiya ba na ma kallonsa.