Asabar a dajin Lekki

Tun makon jiya autata ke bina da zancen birai, wai malamarsu ta ce akwai daji a cikin Legas. Yau bayan sallar asuba muka fito daga Agege, ni da ita da yayanta da mamansu. Cunkoson motoci ya ci mana kusan awa uku kafin mu sauka kusa da shataletalen Chevron.

Wurin shi ne Lekki Conservation Centre, wanda gidauniyar kare muhalli ta NCF ta kafa a 1990, fili mai faɗin hekta 78. Da shigarmu ma'aikaci ya ce a ɓoye duk abin ci cikin jaka, domin biran nan ba sa jiran tayi. Muka bi gadar katako da aka shimfiɗa a kan fadama, ruwa baƙi ƙirin a ƙarƙashinmu, bishiyoyi sun rufe sama har rana ba ta taɓa mu. Ƙarar titi ta yi ta raguwa har ta ɓace. Wani biri ya diro kan madogarin gadar, fuskarsa da farin gashi, ya zuba mana ido. Auta ta ƙanƙame hannuna.

"Baba, gidansa ne nan?"

"Gidansa ne, mu ne baƙi," na ce mata.

Ni da yayanta muka hau gadar sama, wadda aka rataya tsakanin dogayen ƙarafa, tsawonta mita 401. Tana lilo da kowane taku, na riƙe raga da hannu biyu ina bismilla. Da muka kai ƙololuwa na tsaya. Ƙarƙashinmu kore shar, amma da zarar ido ya wuce iyakar dajin sai rufin gidaje da benaye, sun matso har jikin katanga. A nan zuciyata ta yi nauyi. Yawancin Lekki haka take a da, fadama da ƙurmi, aka yi ta cike ta da yashi ana gini. Ruwan da fadamar ke shanyewa shi ne yanzu ke kwanciya a tituna duk damina, ya shiga gidajen mutane. Na tuna fadamar garinmu inda muke kama tarwaɗa muna yara, yau an yanka ta fuloti-fuloti.

Da muka sauko mun tarar auta ta durƙusa gaban wani tsohon kunkuru, ma'aikaciya na yi mata bayanin abin da yake ci. Ko ɗawisun da ke yawo kusa da ita ba ta kalla ba. Sai da na kira ta sau uku kafin ta tashi.

A mota ta yi barci. Da muka iso gida ta farka ta nemi fensir da takarda, ta ce za ta zana kunkurun ta kai wa malamarsu ranar Litinin.