Kunamar Bindigar Kawu

A watan Afrilun 2014 kamfanin Remington na ƙasar Amurka ya umarci masu bindigoginsa samfurin Model 700 da Model Seven, waɗanda aka ƙera tsakanin Mayun 2006 da Afrilun 2014 da kunamar X-Mark Pro, su daina harbi da su nan take, su mayar a gyara musu kyauta. Dalili kuwa shi ne danƙon da ya yi yawa wajen haɗa kunamar, wanda kan iya sa bindiga ta tashi alhali yatsa bai taɓa ta ba.

Wannan labari ne ya faɗo mini a rai ranar da na tarar da kawuna, tsohon maharbi, yana goge bindigarsa ta gargajiya a zaurensa da ke Argungu. Kunamar tana girgiɗi kamar haƙorin tsoho, har ya naɗe ta da igiyar roba.

Na ce, "Kawu, ku yi haƙuri a kai ta maƙera, ga jikoki suna shige da fice." Ya ce shekara talatin ba ta taɓa cin amanarsa ba.

Abin da ya dame ni shi ne tasa ba ta da lamba, balle kamfanin da zai aiko da takardar gargaɗi. Sai da Inna ta sa baki kafin ya zazzage albarushin muka tafi. Maƙerin ya kwance ta, ya nuna mana ƙarfen da ke riƙe kunamar ya cinye saura ƙiris, ya ƙera sabo. Har yau kawu yana mitar kuɗin da na biya.