Na je Daura ɗaukar ɗan gajeren fim ɗina na farko da waya

Ni dai tun ina JS3 na ƙudurta a raina harkar fim zan yi, kuma ba fitowa gaban kamara nike so ba, a'a, bayanta nike so in tsaya. Yanzu ina SS2 a nan Katsina. Baba ya ce ba ya hana ni amma sai na kawo mashi kiredit ɗina na WAEC tukunna, ni ma ban yi gardama ba don makarantar koyon fim ta ƙasa da ke Jos ɗin da nike hange ai ba a shigarta da surutu. To kafin nan mi zan zauna ina jira? Shi ya sa da aka yi hutu na roƙi kawuna, wanda sana'arshi ɗaukar bidiyon biki da suna, ya raka ni Daura in yi ɗan gajeren fim a kan rijiyar Kusugu.

Ana idar da asuba muka nufi tasha. Kayan aikin duka a jakar makaranta suke: wayata, tsohuwar wayar yayata, fawabank, tsohon tirayfod na kawu (abin ɗora kamara mai ƙafa uku) da ƙafa ɗaya take ɗaure da roba, sai farin kwali babba da na naɗe. Tafiyar kusan kilomita 80 ce, ta Mashi da Shargalle, ga sanyin hunturu ga hazo, gonaki duk an girbe sai kara a tsaye. Ina ta ɗaukar hanya ta taga kawu ya ce "ɗana aje wayar nan, wanda ya ɗauki komi bai ɗauki komi ba, ciro takardarka mu gani." Na ciro jerin shot ɗin da na rubuta, wato abubuwan da zan ɗauka, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a cikin motar nan ana ta girgiza, ya soke kusan rabi.

Da muka isa ba mu fiddo waya ba sam. Sai da muka gaida masu kula da wurin, kawu ya yi bayani ni ɗalibi ne, aka ce bismillah. Wallahi wannan gaisuwar ta fi min tirayfod amfani, don dalilinta ne wani dattijo da ke zaune a gefe ya yarda ya ba ni labarin da bakinshi, yadda Bayajidda ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa ta ce ba a ɗiba sai ran Juma'a saboda macijin da ake kira Sarki, ya je da dare ya sare kanshi, sarauniya Daurama ta aure shi. Duk mun karanta a firamare amma jin shi daga bakin mutumin garin daban ne, har da inda yake tsayawa ya yi shiru ya gyara hula.

Nan fa aikin gaske ya fara. Rijiyar a cikin ɗaki take yanzu, an gine ta, haske kaɗan ne, waya kuwa in ba haske sai hoton ya yi ta yashi-yashi. Sai muka zaunar da Baba dattijon nan kusa da ƙofa, hasken yana zuwa ta gefen fuskarshi, kawu ya riƙe farin kwalin ta ɗaya gefen yana maido hasken, kawai sai ga idanunshi sun fito tar a sikirin. Kwalin da na saya a shagon bakin makaranta fa! Sauti kuma shi ne abin da yara irina suke rainawa, mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu amma murya in ba ta fita minti ɗaya ba zai yi ba ya wuce. Na kunna rikoda a wayar yayata na sa a aljihun gaban rigar Baba, na ce "Baba a yi haƙuri zan yi tafi sau ɗaya", na tafa, don wajen editin in haɗa ƙarar tafin a wayoyin biyu murya ta hau daidai da baki. Ya yi dariya ya ce yaran zamani.

Na kwantar da wayar a kwance, ingancin hoton 1080 na sa ba 4K mai nauyi ba don kar memori ya cika, kuma duk inda na matsa ina gefe guda na Baba ban tsallaka ɗaya ɓangaren ba, in ka tsallaka sai a ga kamar mutum ya juya yana kallon wani wuri. Bayan ya gama na ɗauki ƙananan abubuwa, igiya tana sauka, guga yana fitowa yana ɗiga, hannun wata yarinya da ta zo shan ruwan, waɗanda zan rufe wuraren da na yanke da su.

Ƙofar fada ba mu ɗauka da rana tsaka ba, kawu ya ce hula za ta yi wa kowa inuwa a ido, muka je muka sha fura muka yi azahar da la'asar sannan muka dawo da rana ta yi sanyi.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda abokaina ke ganin sai ka tafi Kano ka yi ta bin darakta a lokeshan kana riƙe mashi jaka sannan ka fara. Kannywood ɗin ma ai da kamarar bidiyo ta kaset 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo suka faro ta wajen 1990, wayar da ke hannunmu yau ta fi ta hoto nesa ba kusa ba. Ga labarai a Katsina da Daura birjik ba mai ɗauka, daga hasumiyar Gobarau har masu jima da maƙera.

Editin ɗin a manhajar CapCut nike yi, na matse shi ya koma minti 6, saura rubutun Turanci a ƙasa. Kawu ya kalla ya ce yankan farko ya yi sauri da yawa in bar Baba ya numfasa, kuma in na gyara, Sallar Gani mai zuwa zai ba ni ƙaramar kamararshi mu koma Daura in ɗauki hawan.