Abin da aikin kwashe gubar dalma a Zamfara ya koyar

A 2010 aka gano abin da ke kashe yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare da 'Yargalma: dalma ce da ke cikin dutsen zinare. Ana kawo dutsen gida a daka a turmi ko a niƙa, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda jariri ke rarrafe yana kai hannu baki. Yara kusan 400 suka rasu.

Babban darasin shi ne, gida ake fara yi wa magani kafin yaro. Ana ba da DMSA, maganin da ke fitar da dalma daga jiki, idan dalmar jini ta kai maikirogiram 45 a kowace desilita, amma in yaron ya koma kan ƙasar da ta sa shi ciwo, an yi aikin baban giwa. Shi ya sa yaran garin Bagega da ke Anka suka jira har 2013, sai da aka kwashe ƙasar garin sannan likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka fara ba su magani. Wannan jinkirin abin takaici ne ƙwarai.

Aikin kansa na shebur da fartanya ne. A fitar da yara da kaya, a yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi, a kankare saman ƙasa kamar santimita 5, a zuba a buhu, a binne a rami nesa da rijiya. A auna wurin da na'urar XRF mai gano dalma a ƙasa, in da saura a ƙara kankarewa, sannan a shimfiɗa ƙasa mai tsabta wadda ita ma an auna ta. Ɗakin kwana kuwa daɓen siminti ya fi, domin ana iya goge shi da jiƙaƙƙen tsumma. Shara da tsintsiya a bushe tayar da gubar kawai take yi.

Inda aka fi samun koma-baya shi ne bayan an gama. Mai haƙar zinare ya dawo da rigar aiki ya rungumi ɗansa, ko a zuba gero a buhun da ya ɗauko dutse, ko a daka yaji a turmin da ya taɓa dutsen. Wanka da sauya tufafi a wurin aiki ya kamata a yi su, turmin kuma a rabu da shi.

A birni ma akwai gubar dalma: tsohon fentin mai, narka batirin mota a bayan gida, da kwallin dutse da ake ranɗa wa jarirai. Kada a goge fenti a bushe ko a babbaka shi, a jiƙa a kankare, mai ciki da yara suna waje. Wajen sayen sabon fenti, a nemi wanda dalmarsa ba ta wuce kashi 90 cikin miliyan ba.