Sannu, a hankali da shuwayya a Makka

Wanda ya ce wa mai tura keken tsofaffi a Harami "sannu" don ya rage sauri, amsar da zai samu ita ce "yawwa, sannu kadai", keke kuma ya ci gaba da gudu. Idan kalmar ta tsaya ita kaɗai, gaisuwa ce ko jaje. Sai an ninka ta, sannu-sannu, ko an ce "tafi sannu", sannan take taɓa ƙafa.

"A hankali" ta fi ta faɗi, domin ta haɗa jinkiri da lura. Ita ake faɗa wa hajiyar da ta nufo wurin shan zamzam inda ruwa ya jiƙa marmara, ko mai keke a gangaren Safa. Mutum na iya tafiya sannu-sannu idonsa na kan waya. Wannan bai tafi a hankali ba.

Larabcin titi kuma na da nasa tarkon. Shuwayya guda ɗaya "kaɗan" take nufi: ka faɗa wa mai zuba shinkafa, ya rage maka. Askar, wato jami'in tsaro, da ke tsare hanya ninka ta yake yi, shuwayya shuwayya, yana haɗe yatsunsa biyar suna kallon sama yana ɗan girgiza hannu. Ba roƙo ba ne, ba zagi ba ne, cewa yake ka dakata. Direban tasi kuwa a ce masa ala mahlak, wato "bi a hankali", ya fi daɗin ji.

Sabon alhaji yakan ruɗe ne wajen sanin inda ake sassarfa. A ɗawafin Umra ko na isowa, maza ke yin ta a zagaye 3 na farko, sauran 4 tafiya ce kawai. A sa'ayi, tsakanin korayen fitilu kaɗai; nisan Safa da Marwa ya kai kusan mita 450, sau 7 ya haura kilomita 3, don haka wanda ya ɗauke shi da gudu tun farko numfashinsa zai ƙare kafin zango na huɗu. Mata ba sa sassarfa ko'ina. In cunkoso ya yi yawa, namiji ma ya bar ta, ba komai a kansa.

Inda aka fi bukatar sannu-sannu shi ne fitowa daga Arfa bayan faɗuwar rana. A nan Manzon Allah (SAW) ya riƙa umartar mutane da natsuwa, yana janye ragamar taguwarsa. Shugaban ayari ya sa mafi rauni a gaba, kowa ya bi takunsa, kuma in takalmi ya faɗi cikin taro kada a sunkuya ɗauka.